Ranar da Allurar Giwa Ta Sauka

Kowace safiya, kafin ya tayar da mota, sai Ba-Matsala ya buɗe bonet ya ɗura wa lagireto ruwa daga wata jarka mai ruwan ɗorawa. Direba ne. Motarsa tsohuwa ce mai shan dizal, irin mai ja da tayoyi huɗu, kuma da ita yake kai masu haƙar rijiya da kayan aikinsu ƙauyukan da ƙananan motoci ba sa iya shiga. Ita ce abincin gidansa. Yana kiranta Giwa, shi kuma mutane suka laƙaba masa Ba-Matsala, don kome aka gaya masa amsarsa ke nan.

Da farko kofi ɗaya take sha. Bayan wata guda ta koma rabin jarka.

Matarsa ce ta fara magana, ranar da take sharar ƙofar gida ta ga wurin da motar ke kwana a jiƙe.

"Baban yara, motar nan fa fitsarin kwance take yi."

"Giwa ce, dole ta sha ruwa da yawa," ya ce yana dariya. "Ba matsala."

"To Giwar taka ta je ta ga Kawu."

Kawu ƙanin mahaifiyarsa ne, bakanike mai gareji a bayan kasuwa, mutum marar gaggawa. Da Ba-Matsala ya kai motar don ya huta da mitar matarsa, Kawu bai taɓa ta ba sai da injin ya huce sarai. Sannan ya bi ta daki-daki. Ya zaro sandar baƙin mai ya duba: baƙi ne, bai yi fari-fari kamar an zuba madara ba. Ya buɗe murfin lagireto, ya sa aka tayar, ya zuba wa bakin ido: babu kumfa. Ya zagaya baya ya kalli hayaƙin salansa: ba fari ba ne.

"Ka yi sa'a, ɗana. Ruwa bai shiga cikin inji ba tukuna. A waje yake zuba."

Ya kwanta ƙarƙashin motar, ya kira shi ya nuna masa tiyon ƙasa. Tiyon ya kumbura kusa da maɗaurinsa, ga wani farin busasshen abu kamar gishiri ya kewaye wurin.

"Ga ɓarawon ruwanka. Bar mini ita zuwa gobe da rana, in sauya tiyo, in wanke lagireto, in zuba ruwan da aka yi dominsa."

"Kawu, gobe da sassafe zan kai mutane bayan dutse. Ina da jarka, ina da allurar zafin inji a gabana. In ta hau, in tsaya."

"Allura ba ta san kome ba sai abin da ruwa ya gaya mata," in ji Kawu.

Ba-Matsala bai tsaya neman ma'anar maganar ba. Ya yi godiya ya ja motarsa.

Washegari da hantsi suna hawan dutse, mutum biyar da injin haƙa a baya, allurar zafi ta fara tafiya sama. Shugaban masu haƙar, wanda ke zaune a gaba, ya nuna ta da yatsa.

"Direba, abin nan ya kusa taɓa ja."

"Na gani, Oga. Mu kai sama tukuna."

Can suka ji wani ɗan sauti daga ƙasa, kamar an buɗe kwalbar lemo. Ba a jima ba allurar ta tsaya, sai kuma ta fara sauka a hankali har ta wuce tsakiya.

"Kun gani ko? Ta huce da kanta. Na san halin Giwata."

Ya ƙara taka totur. Sun yi tafiyar kamar minti goma, sai motar ta fara rasa ƙarfi, wani ƙauri ya cika ciki, injin ya yi ƙara sau biyu ya mutu. Ya murɗa makulli, ko motsi. Jarkar na nan cike a bayan kujera.

Da babbar mota aka jawo Giwa zuwa gareji. Kwana biyu Kawu ya yi yana kwance injin, sannan ya aika a kira Ba-Matsala. Ya nuna masa kan injin da ya lanƙwashe, da tsagar da ta ratsa jikinsa, da fistin da suka kame. A gefe ga tiyon nan, ya yage tsawon yatsa.

"Amma Kawu, allurar sauka ta yi. Da idona na gani."

"Na yarda. Abin da ke auna zafin a cikin ruwa yake zaune. Da tiyo ya fashe ruwan ya tsiyaye, sai ya rage ba abin da zai auna. Lokacin da ka ce ta huce, lokacin take ƙonewa."

Ba-Matsala ya daɗe yana kallon ƙarafan.

"Za ta tashi?"

"Da wannan injin, a'a."

Masu haƙar rijiya ba su iya jira ba, suka nemi wani direban. Giwa tana nan a bayan garejin Kawu bisa duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Jarkar kuwa ta koma gida, matarsa na ɗebo ruwan wanki da ita, kuma ba ta taɓa ce masa "ai na gaya maka" ba.

Mai karatu, motar da ke neman ƙarin ruwa kullum tana zubar da shi ne a wani wuri, kuma cika ta ba gyara ba ne. A nemo inda yake fita tun tana tafiya da ƙafarta. In kuma allurar zafi ta hau sannan ta faɗo haka kawai, a tsaya a kashe inji nan take.