Sunan Uban Ayampoka

Asampana ya sauke yarinyar a kan bencin ofishin jin daɗin jama'a, ya kwance zanen goyon a hankali, ya tokare mata kai da hularsa. Shekarun Ayampoka tara, amma wuyanta bai taɓa iya ɗaukar kanta ba. Matan da ke zaune suka matsa can ƙarshen benci. Ɗaya ta jawo ɗanta ta cusa shi tsakanin gwiwoyinta. Tsohon bai ɗaga ido ba. Ya saba.

Zuwansa na huɗu ke nan. A na farko aka ce ya kawo hoto. A na biyu aka ce takardar likita. A na uku ya tarar da ƙofa a kulle, ma'aikatan sun tafi jana'iza. Yau kuwa ranar ƙarshe ce ta karɓar sunaye. Wanda kwamiti ya amince da shi zai sami keken guragu da ɗan abin da za a riƙa ba shi duk bayan wata biyu. Wanda bai shiga ba sai baɗi, in ana raye.

Keken yake so. Da safiyar nan sau uku yana yunƙurawa da ita a baya kafin gwiwoyinsa su yarda. Ya san ranar da za su ƙi ba ta da nisa, kuma babu wanda zai shigo gidansa na bayan dutse ya ɗaga ta.

"Tsoho, ashe kana nan," in ji Adongo maigadi, daga nesa. "Na ɗauka ƙasa ta karɓe ka tun bara."

"Ta ce in jira ka, mu tafi tare."

Adongo ya yi dariya, amma bai miƙa hannu ba.

Labarin da ya bayar a kan yarinyar kowa ya ji shi. Asampana ya yi ƙuruciyarsa a gonakin koko a kudu, ya haifi 'ya a can, 'yar ta rasu a Kumasi ta bar masa wannan. Ba wanda ya taɓa tambayar ƙarin bayani. Mutane ba sa son doguwar hira da shi.

Da rana ta take aka kira shi. Jami'ar sabuwa ce, Madam Serwa, 'yar kudu, watanta biyar a garin, tana jin yaren tana karya shi. Ta shafa kumatun Ayampoka, yarinyar ta buɗe baki ta yi mata irin dariyar nan tata marar sauti. Asampana ya kwance bakin riga ya ɗora mata soyayyar gyaɗa a tebur. Ta ɗiba ta watsa a baki tana duba takardu. Ya tsaya yana kallon hannunta. Shekara talatin rabon da wani ya ci abin da ya fito daga hannunsa.

"Hoto ya yi. Likita ya sa hannu. Baba, saura layi biyu: sunan uwa, sunan uba."

"Rubuta nawa."

"Kai mai riƙo ne, naka yana ƙasa. In uwar ta rasu, ina takardar mutuwa?"

"Babu."

"To uban. Ko ina yake za mu aika a ɗauko zanen yatsansa. Ni ba ni na kafa dokar ba, Baba. Takarda mai giɓi ko buɗe ta ba sa yi."

Ya dubi yarinyar. Fanka tana juyawa a sama, ba ta kawo iska. Ayampoka ta fara tari, ya juya ta gefe, ya share mata baki, ya ɗiga mata ruwa da cokali kamar yadda yake yi sau ashirin a yini. Hannunsa bai taɓa rawa wajen ba yaro abin sha ba. 

Ya san abin da zai biyo baya. Ma'aikaci zai hau babur ya je ya yi sallama. Za a yi tambaya, tambaya ta haifi wata. Ƙila 'yan sanda su zo bayan dutse. Ya auna wannan duka, sannan ya tuna da gwiwoyinsa.

"In aka tsare mai riƙo," ya ce, "keken na yarinya ne?"

Madam Serwa ta daina tauna. "Nata ne. Wa zai tsare ka?"

"Rubuta. Uba, Nsobila Akolgo. Uwa, Apaala. Gidan da ke gindin kuka, bayan makaranta."

Ta rubuta, sannan alƙalamin ya tsaya. "Wace makaranta? Wannan ta bakin hanya? Baba, ai ko mil biyu babu. Suna raye, suna nan kusa, suka bar maka ita shekara tara?"

"Ba su san sun bar mini ita ba."

Ya dangwala yatsa a inda ta nuna, ya durƙusa ya juya wa yarinyar baya don ya goya ta.

Shekara tara da suka wuce, mutanen gidan Nsobila suka aika masa, kamar yadda gidajen yankin suke aika masa duk lokacin da mai duba ya ce jaririn da aka haifa ba mutum ba ne, ɗan daji ne da ya zo ya cinye gida. Suka ba shi akuya da fartanya. Ya dama gubar da ya saba damawa a ƙoƙo, ya ɗauki jaririyar zuwa dutse, ya dawo ya ce musu an gama. Cikin duk yaran da aka taɓa miƙa masa, ita kaɗai ce bai shayar ba, ya zubar da ƙoƙon a ƙasa.