Radar da Aka Ɗaure da Waya

Kawu, tunda ka ce aikin saiti ɓata lokaci ne, bari in ba ka misali. Wani direba ne yake jigila tsakanin gari da ƙauyuka, da ita yake ci da iyalinsa. A bayan bambar gaban motarsa akwai wata 'yar na'ura, rada, ba ta fi tafin hannu ba. Aikinta ta jefa sigina gaba, siginar ta bugi abin da ke kan hanya ta dawo, kamar mutum ya yi kira cikin rijiya ya ji amsa. Daga jinkirin dawowar take gane tazara, in abu ya matso ta yi ƙara, in direba bai taka birki ba ta taka masa. Sau da yawa ta cece shi, har ƙafarsa ta saba da hutawa. Ran nan ɗan acaɓa ya goge masa bamba, ya kai wa mai gyaran bodi. Gwani ne fa, in ya buga ƙarfe sai ka rantse daga kamfani ya fito. Da ya ga mariƙin radar ya karye, sai ya sa waya ya ɗaure ta, ya ja da baya, ya kanne ido ɗaya. Direba ya tambaya ko sai an kai ta wurin masu saiti. Mai gyara ya ce, "Haba maigida, ido ba mudu ba ne amma ya san kima."

Ashe radar ta ɗan ɗaga kai sama, ɗagawar da ba ta fi kaurin farce ba. A bakin gareji wannan ba komai ba ne, amma nesa a kan titi ya zama tsayin mutum. Wata la'asar ana sheƙa ruwa, gilashi ya yi hazo, ga amalanken shanu a gaba ɗauke da taki. Rada tana can tana auna sararin da ke saman amalanke, ta yi tsit, direba kuma ya ɗauki shirunta a matsayin hanya a buɗe take, sai ji ya yi ya afka wa amalanke. Ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu, ƙafar da yake taka birki da ita, kuma har damina ta fita bai koma bakin sitiyari ba. Abin da ke ƙona min rai, 'yan dubiya sai cewa suke kayan Turawa ba su dace da hanyoyinmu ba. Wace ƙarya na'ura ta yi? Inda aka nuna mata nan ta duba! Mai gyara kuwa har asibiti ya zo da lemo da ayaba, ya yi jaje da zuciya ɗaya, ya koma gareji ya ci gaba da kanne ido a kan motocin mutane, bai ma san hannunsa na ciki ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ƙaramin sani ƙuƙumi ne.