Busar Obo a Gidan Barmo

Tun daga matakalar bene Mariama ta jiyo ƙarar, kamar ana yanka agwagwa. Ta dafa bango, ƙafafunta sun yi tsami da tsayuwar shagon kitso.

Obo ce, algaitar Turawan da makaranta ta ara wa 'yarta Huda. Jiya-jiya Barmo, mijin Mariama, ya rantse in ya sake jin busar nan sai ya karya ta. "Ban baro Damagaram na zo ƙasar Turawa ina tallar huluna a titin Bronx don 'yata ta zama maroƙiya ba. Wasa ne wannan, ba karatu ba."

Ga takalmansa kuwa a bakin ƙofa. Ta gaji da rabon faɗa, amma ta tura ƙofar da sauri.

Huda na tsaye ta harɗe hannuwa. Barmo ne zaune da obo a baki, kumatu sun cika, gumi na zuba.

"Baba, sassauta leɓe," in ji Huda.

Ya dubi matarsa yana haki. "Cewa ta yi in wasa ne in busa ta gani. Tun la'asar nake fama. Rufe mana ƙofa, Malama Huda ba ta tashe ni ba tukuna."