Dutsen Kabarin Hansatu

A shekarar da aka kafa dokar shafe duk wani dutse da farin fenti don rage zafin rana, sai ranar Talata masu feshi suka iso maƙabartar Kurmin Jatau.

A garin ba a rubuta suna a kabari. Kowane gida yana ɗauko dutse daga tsauni mai irin tasa gansakukar, wannan busasshiyar da ke manne wa dutse kamar ƙanzo. Ta gidan Nomau ruwan ɗorawa ce mai ɗigon baƙi. Ta maƙera toka-toka ce, ta masaƙa kuwa ja-ja. Iri goma sha tara tsofaffi ke ƙirgawa.

Malam Nomau ya iso da hantsi riƙe da butarsa, ya tarar an gama. Ko'ina fari fat.

"Baba, kada ka damu," in ji shugaban masu feshin. "Mun kankare samfurin gansakukar mun adana a ofis."

"Wacce daga ciki, ɗana?"

"Ai duk ɗaya ce, Baba."

Shekara tara tsohon yana zuwa duk mako ya yayyafa wa dutsen matarsa Hansatu ruwa, launin ya farfaɗo, sannan ya yi mata addu'a.

Ya bi layi yana zuba wa kowane dutse kaɗan. Ruwan sai ya zame, ba ya kama komai. Butar ta ƙare a dutse na arba'in.

Nan ya tsuguna, ya ɗaga hannu, bai san a kan wa yake ba.