Inda Kibiya Ta Tsaya

"Ga hatimin nan, Allah shi gafarta Malam! Asiri yake mani!" Alhaji Jibrilu ya dire takardar a gaban alƙali a Zurmi, yana nuna Bilyaminu, ɗan marigayi yayansa.

Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a ce, ba mai wasa da zargin sihiri. Alƙali ya ƙura wa takardar ido: akwatuna da kibiyoyi, sai ka ce aikin boka.

Bilyaminu ya matso gaba, ya ce: "Aikin makaranta ne. Kafin mu rubuta wa kwamfuta umarni, sai mun zana hanyar da za ta bi. Wannan na rabon gado ne."

"To, bi da ni," in ji alƙali.

Bilyaminu ya ɗora yatsa a kan takardar. "Nan tana tambaya: mamaci ya bar ɗa namiji? In ya bari, kibiya ta gangaro nan: ƙanin mamacin ba shi da ko akuya."

Alƙali ya bi kibiyar da ido har inda ta tsaya. Da ya ɗago, ba Bilyaminu ya kalla ba.

"Alhaji, shanun yayanka a garken wa suke?"