Tsohon Babi na Huɗu

Talata ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi.

Ɗalibin yana gaba, malamarsa na biye, tana ɗage bakin zani daga taɓo. Digiri na biyu yake yi a nazarin zamantakewa, kundinsa kuwa a kan masu tsintar ƙarfe da roba a juji. Ta karanta, ta ce kyan hirarrakin ya yi yawa. Mutanen juji ba sa buɗe wa baƙo ciki. Ko dai ƙirƙira ya yi, ko kuma sanayya ya bi, alhali ƙa'ida ta hana. In ba ta gan su ido da ido ba, ba za ta sa hannu ba, wahalarsa ta tashi a banza.

Hanyar duk ramuka ce da ruwa ya rufe. Bai dubi ƙasa ba, bai kuma faɗa ko ɗaya ba.

"Ga Farfesa!" in ji wani mai sikelin auna ƙarfe da ya hango ɗalibin. "Yau har da takalmi sau ciki?"

Aka kwashe da dariya. Wani tsoho da ke ware gwangwani ya ɗago kai ya dube su. Dariyar ta mutu nan take.

"Malama, wannan shi ne tsohon babi na huɗu," in ji ɗalibin, idonsa na kan na'urar ɗaukar murya.

Tsohon ya goge hannu a riga, ya jawo musu bokiti biyu su zauna.

"Baba, ka san wannan?" ta tambaya.

"Na san shi. Yakan zo da na'urarsa. Sannu da zuwa, yallaɓai."

Ɗalibin ya amsa can cikin maƙogwaro.

Ta yi ta jefa tambaya, tsohon na ba ta amsa daidai da abin da ke cikin kundin: ciwon ƙirji, kwalbar da ta tsaga masa ƙafa, matar da ta rasu. Sai ta rufe kundin.

"'Ya'ya fa?"

"Ɗaya. Namiji. Yana karatu mai zurfi."

"Yana zuwa ganinka?"

"In aiki ya kawo shi."

"Ko dai kunyarka yake ji?"

Tsohon ya jefa gwangwani a buhu. "Wari ne, Hajiya. Ni ma da na fara, sai da na toshe hanci."

Suka koma mota, suka hau kwalta. Sannan ta ce, "Na zarge ka, ka yafe ni. Gobe ka zo in sa hannu. Wannan babin shi ne ƙashin bayan aikinka." Ta ja tsaki. "Amma ɗan nan nasa, Allah wadai. Uba na cikin bola, kai kana ƙyamarsa da ilimin da ya ba ka."

"Haka ne, Malama," in ji shi.



Washegari da sassafe ya isa ofishinta. Ta ɗauki biro, sai ya dafe kundin da hannu.

"Malama, kada ki sa. A cire babi na huɗu, na karya ƙa'ida. Ɗan da kika yi wa Allah wadai jiya, ni ne."