Furen da Ya Hau Dutse

Likita bai ja magana ba: ko dai Malam ya riƙa tattaki kullum, ko zuciyar nan ta kwantar da shi. Malam ya ce to. Amma tun da ya yi ritaya daga koyarwa, tafiyarsa ba ta wuce daga kujera zuwa taga.

Da ƙyar matarsa ta lallaɓa shi ya leƙa gindin dutsen bayan unguwa. Ya dawo yana haki, baki har kunne.

Fure ya gani. Shuɗi ne, tsakiyarsa rawaya, ƙasar gindinsa da laushi luɓus. Shekara talatin yana koya wa yara sassan tsirrai, bai taɓa ganin irinsa ba. Ya kakkaɓe tsofaffin littattafansa, ya bi su shafi-shafi, babu shi.

"Kin san me wannan ke nufi? Sabon tsiro ne. Sunana za a sa masa."

"Allah ya sa, Malam," in ji ta, tana wanke jar laka daga takalminta.

Daga nan aka rasa mai riƙe Malam. Kullum da hantsi yana kan dutse, da sanda da littafin rubutu. Abin da ya fi ɗaure masa kai, furen hawa yake yi: wannan makon yana ƙasa, mako na gaba wani ya ɓullo can sama kaɗan. Malam ya bi shi. Ya cika shafi goma sha biyu a kan "hijirar furen". Tumbi ya sace, hawan jini ya sauka, har likita ya sake awo don bai yarda ba. Ita kuwa matar, duk Alhamis wuni take tana shafa wa gwiwa man zafi, wai tsufa ne.

Ranar da ya kai ƙololuwa, ya tono ɗaya a hankali, ya sa a gwangwani, ya nufi jami'a yana dariya shi kaɗai. A hanya ya tsaya wurin mai sayar da furanni na bakin titi, don kawai ya ga mutum ya saki baki.

Mai furanni ya leƙa gwangwanin.

"Baba, ai nawa ne, ga 'yan'uwansa can a jere. Wata dattijuwa ce ke saye duk Laraba, washegari da sassafe ta hau dutse ta dasa, kowane mako gaba kaɗan, wai don maigidanta ya biyo."